Tarihin William Halsted, likitan da ya bi sankarar mama har cikin hammata

Jama'a, yau tarihin wani likitan tiyata ɗan Amurka na kawo muku, William Halsted. An haife shi a New York a 1852, ya rasu a Baltimore a 1922. Shi ne shugaban tiyata na farko a asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a 1889. A nan ya sa kamfanin Goodyear ya yi safar hannu ta roba saboda wata nas, Caroline Hampton, da maganin wanke hannu ke cin fatarta. A 1890 ya aure ta.

Amma aikinsa kan sankarar mama ne ya ja hankalina. Halsted ya ɗauka cutar tana farawa ne daga ɗan ƙari guda, sannan ta bi jijiyoyin ruwan jiki ta kai ga kaluluwar hammata. Don haka in ya shiga tiyata, yakan cire nonon gaba ɗaya, da naman ƙirji, da kaluluwar duka. A 1894 ya wallafa sakamakon mata 50.

Rahotonsa na 1907 ya nuna matan da cutar ba ta kai hammatarsu ba sun fi rayuwa nesa ba kusa ba. Waɗanda ta riga ta kai, duk girman yankan, da yawa ba su yi nisa ba. Daga baya binciken Bernard Fisher ya tabbatar cewa wannan babban yanka bai fi ƙaramar tiyata tsawaita rai ba, aka daina shi.

Har yau likitoci na auna girman ƙarin. Wanda bai wuce santimita 2 ba, kamar ƙwayar gyaɗa babba, galibi bai kai hammata ba. Wanda ya haura santimita 5, yawanci ya kai. Akan samu ƙarami da ya bazu, amma duk ƙaruwar girma ƙarin haɗari ce.

Ni dai darasin da na ɗauka, lokaci ya fi wuƙa. Iyayenmu mata da ƙannenmu a Sabo da Agege, ƙarin nan sau da yawa ba ya ciwo. In kun ji kullutu a nono ko hammata, a ajiye kunya, a je asibiti tun yana ƙarami. Maza kuma mu raka su. Allah ya ƙara mana lafiya.