Tarihin Likita Ronald Ross, Mutumin Da Ya Tona Asirin Sauro

Duk ɗan Arewa da ya taɓa cin damina a Ikko ko Fatakwal ya san sauro, ya kuma san zazzaɓin da ke biyo bayan cizonsa. Amma kafin shekarar 1897 ko manyan likitocin Turai ba su tabbatar da wannan ba. Zatonsu shi ne mugun tururin da ke tashi daga fadama shi ke kawo masassara. Wanda ya fara warware wannan magana shi ne wani likitan soja Bature mai suna Ronald Ross.

An haife shi a garin Almora na ƙasar Indiya ran 13 ga Mayu, 1857. Ubansa babban hafsa ne cikin sojan Ingila da ke can. Shi yaron ransa ya fi kwantawa ga waƙa da lissafi, amma uban ya ce sai likitanci, don haka ya yi karatu a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ya kama aikin likitan soja a Indiya cikin 1881.

Tun cikin 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majiyyaci a Aljeriya. Abin da ya saura shi ne ta wace hanya take shiga jikin mutum. Sa'ad da Ross ya zo hutu Landan cikin 1894 sai ya sadu da Likita Patrick Manson, wanda ya nuna masa ƙwayar a madubin likita, ya kuma gaya masa yana zargin sauro ne. Ross ya koma Indiya ya shiga feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya, fiye da shekara biyu bai ga kome ba, domin ashe ba irin sauron da ke ɗaukar cutar yake kamawa ba.

A garin Sikandarabad ne aka kawo masa waɗansu 'yan sauraye masu ɗigo-ɗigo a fiffike, watau irin da ake kira Anofilis. Ya sa suka ciji wani mai zazzaɓi, ana biyan mutumin ɗan kuɗi a kan kowane cizo. Ran 20 ga Agusta, 1897, ya feɗe ɗaya daga cikin na ƙarshe, sai ga ƙwayar manne a jikin tumbin sauron. Kashegari ya feɗe wani ya tarar ta ƙara girma. Wannan rana ce ake tunawa da ita kowace shekara da sunan Ranar Sauro ta Duniya.

Maimakon a bar shi ya ƙarasa, sai manyansa suka canja shi zuwa wani wuri inda babu zazzaɓin sosai. Sai da Manson ya sa baki sa'an nan aka mai da shi Kalkata. Can cikin 1898 ya yi gwaji da tsuntsaye, ya bi sawun ƙwayar daga tumbin sauro har zuwa inda yawunsa ke taruwa, ya nuna da cizo ne take shiga jini. A kan mutum kuwa, masanan Italiya ne, Grassi da abokansa, suka tabbatar da haka. Da aka ba Ross kyautar Nobel cikin 1902 ba a haɗa da Grassi ba, gaba kuwa ta shiga tsakaninsu har mutuwa. Lalle Ross mutum ne mai zafin rai, ko Manson da ya ɗora shi a hanya sai da suka ɓata.

Cikin 1899 ya bar soja ya koma koyarwa a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, a shekarar kuma ya zo Saliyo. Ya sake dawowa Afirka ta Yamma cikin 1901 har ya iso Ikko, inda Gwamna William MacGregor, shi ma likita, yake ta cike fadamu da haƙa magudanar ruwa da raba kwinin. Shawarar Ross ita ce a bi sauro har inda yake haihuwa, a kwashe gwangwanaye da kwalabe, a cike kududdufai, a zuba kananzir a kan ruwan da ke kwance. Wannan dabara ta ci nasara ƙwarai a Isma'iliyya ta ƙasar Masar bayan 1902. A yawancin garuruwanmu kuwa Turawan mulki sun zaɓi hanya mai arha, suka ware wa kansu unguwa nesa da 'yan ƙasa. MacGregor bai yarda da wannan ba.

Lissafin da ya so tun yana yaro bai tafi a banza ba. Cikin littafinsa na rigakafin zazzaɓi wanda ya fito a 1910 ya nuna ba sai an kashe sauro duka ba. In aka rage yawansa ƙasa da wani adadi, cutar za ta mutu da kanta. Masana sun yi ta gini a kan wannan lissafi, har da waɗanda suka yi aikin Garki a tsohuwar Jihar Kano, tsakanin 1969 da 1976, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya. Sun yi feshi a ɗakuna, sun raba magani, zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya komo. Sauron ƙasar Hausa ya fi ƙarfin abin da aka tanada masa.

Sarkin Ingila ya ba Ross lambar girma cikin 1911, aka kuma buɗe cibiyar bincike da sunansa a Landan cikin 1926. A nan ya mutu ran 16 ga Satumba, 1932, yana da shekara 75.