Bessie Coleman: Mai gyaran farce da ta zama matuƙiyar jirgin sama

An haifi Bessie Coleman a Jihar Texas ta Amurka a 1892, a gidan talakawa masu noman auduga. Ta shiga kwaleji a Oklahoma, amma rashin kuɗi ya fitar da ita bayan zango ɗaya.

A Chicago ta kama sana'ar gyaran farce a shagon aski, tana tara kuɗin koyon tuƙin jirgin sama. Makarantun ƙasar suka ƙi karɓar ta, domin mace ce kuma baƙar fata. Ɗan jarida Robert Abbott ya ba ta shawarar tafiya Faransa, mai banki Jesse Binga kuma ya tallafa da kuɗi. Ta sami lasisi a can ranar 15 ga Yuni, 1921, ta zama baƙar fatar Amurka ta farko a cikin mata da ta same shi.

Burinta ta kafa wa 'yan'uwanta makarantar tuƙi, don haka ta riƙa wasan nuna bajinta da jirgi tana neman jari. Tsohon jirgin da ƙarfinta ya kai ta saya shi ya yi ajalinta a Jacksonville a 1926, tana da shekara 34.