John Falconer: Baturen da ya karanta tarihin Arewa a jikin duwatsu

Duk ɗalibin kimiyyar ƙasa a Zariya, Jos ko Maiduguri ya san duwatsun Bima, amma ba kowa ya san wanda ya shigar da sunan cikin littattafan ilimi ba. Shi ne John Downie Falconer.

An haife shi a Sikotland a 1876, ya yi karatu a jami'o'in Glasgow da Edinburgh. A 1904, shekara guda bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, aka turo shi ya jagoranci binciken ma'adinai a Arewa. Arzikin ƙarƙashin ƙasa 'yan mulkin mallaka suke nema, shi kuwa ya yi shekara biyar yana ratsa daji a kan doki, yana tattara duwatsu.

A 1911 ya fitar da littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa. A ciki ya bambanta tsohon dutse mai tauri, irin wanda ke ƙarƙashin Kaduna, da duwatsun kwarin Binuwai da Gongola, waɗanda yashi da laka suka taru hawa-hawa suka zama su. Burbushin halittun ruwa da aka tsinta a cikinsu ya nuna teku ya taɓa malalowa har yankin Gombe.

A zamaninsa ba a gano abin da ya haƙa wannan kwari ba. Sai daga baya masana suka fahimci cewa sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage daga wajen Neja Dalta zuwa yankin Tafkin Chadi. Gefunan tsagar suka riƙa gogar juna, wasu wurare suka dulmiya suka cika da laka. Kimanin shekara miliyan 85 baya kuma matsi ya lanƙwashe duwatsun. Manyan tsagogin Gombe da Kaltungo shaida ne.

Falconer ya zama shugaban farko na hukumar binciken duwatsu ta Najeriya, wadda aka kafa a 1919, daga baya ta daɗe tana da hedikwata a Kaduna. Ya bar aikin a 1927, ya yi aiki a Uruguay, ya rasu a 1947.

Ilimin da aka tara don amfanin Ingila yau namu ne. Irin waɗannan tsagogi da lanƙwasa ne ke tare man fetur, shi ya sa aka yi haƙa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022. Haka mai haƙa burtsatse a Rafin Guza, inda dutsen ƙasa ke da tauri: tsaga yake fatan tararwa, domin a nan ruwa ke kwanciya. Wanda ya haƙa bai san ƙasarsa ba, kuɗinsa ya binne.