Likita Mila na Zariya (1872–1952): Ya Koyi Hausa Kafin Ya Taka Ƙasar Hausa

Duk mai bi da ya taɓa riƙe tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga a 1932, ya riƙe aikin hannun Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suke kira Likita Mila. A kwanakin nan da matasanmu suke cika takardun tafiya hidima a wasu ƙasashe, yana da kyau mu san yadda wannan bawan Allah ya yi shiri, da abin da ya tarar bayan ya iso.

An haife shi a garin Honiton a Ingila a 1872. Tun yana yaro ya ba da ransa ga Almasihu, kuma da wuri ya ji kiran zuwa aikin bishara. Bai yi gaggawar tashi ba. Ya shiga asibitin St. Bartholomew a Landan ya yi karatun likita har ya gama, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Anglikan, wato C.M.S. Tafiyarsa ta fari zuwa Saliyo ce, a 1897, amma zazzaɓin cizon sauro ya mayar da shi gida ba da daɗewa ba.

Shirinsa na biyu shi ne ya fi ba da mamaki. A lokacin ƙasar Hausa a rufe take ga Turawa, saboda haka ya tafi Tarabulus, a Libiya ta yau, inda fatake da maniyyata Hausawa suke yada zango bayan sun ƙetare hamada. Likita guda ya zauna a gaban fatake ya zama ɗalibi, yana tambaya ana yi masa gyara. A can ya sadu da wani yaro, Abdul Majid Tafida, mai hanyar zuwa Makka. Daga baya yaron ya zama mataimakinsa a harshe, ya kuma zama kamar ɗa a gare shi. Yau sau da yawa mai tafiya hidima yakan kashe watanni wajen neman biza da kuɗin jirgi, amma ko gaisuwar mutanen da zai je wurinsu bai iya ba.

A farkon 1900 su biyar suka tashi daga Ikko ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell: Mila, da Richardson, da Burgin, da Dudley Ryder. Sun biyo ta Zariya, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Daga nan suka nufi Kano, ba da gayyata ba, ba kuma da yardar Gwamna Lugga ba. Sarkin Kano Aliyu Babba ya ba su kwana uku su bar masa gari. A ganina, a nan himma ta rinjayi hikima. Sojojin Ingila suna matsowa arewa a daidai wannan lokaci, ba yadda za a yi sarki ya bambanta Bature mai Littafi da Bature mai bindiga.

Suka koma Girku, kudu da Zariya. A can atuni ya kashe Ryder, wasu ciwo ya mayar da su gida, daga baya ɗakunan mishan ɗin suka ƙone. Shi kansa Mila sai da aka mayar da shi Ingila. Ya sake dawowa, kuma a 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya sami izinin zama cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta, yana sa riga da rawani, yana hira da malamai da talakawa da Hausa tsantsa.

Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda aka yi wa baftisma ba su da yawa. Mutane sukan zo su karɓi magani, su yi godiya, su koma gida da addininsu, shi kuwa bai rufe ƙofar ɗakin magani don haka ba. Gwamnatin mulkin mallaka ma ba ta sake masa ba, domin ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, gwamnonin da suka biyo bayan Lugga kuma sun ɗauke shi mai tayar da ƙura. Gaskiya ne yana da kaifin harshe da taurin kai, ko abokan aikinsa sun sha wahalar zama da shi. Ya yi ta kai ƙarar zaluncin da yake gani ana yi wa talakawa, kuma rahotanninsa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Aliyu Ɗan Sidi. Wasu suna ganin wannan tsayawa ce domin marasa ƙarfi. Wasu kuma suna ganin baƙo ne ya sa baki a sarautar da ba tasa ba, aka kuma ƙara yi wa bishara kallon 'yar rakiyar mulkin Turawa. Mai shirin zuwa taimako a ƙasar wasu ya auna maganganun nan biyu da kyau, domin irin wannan zaɓi zai iya tarar da shi.

A 1913 wata ƙofa ta buɗe daga inda bai yi tsammani ba. Akwai wata jama'a da ake kira Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa. Ba Bature ne ya koya musu haka ba, daga karatun kansu suka samo. Wasunsu suka nemi Mila, suka ji bishara, suka ba da gaskiya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, inda Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, ya yi kiwonsu. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya cinye mutane da yawa a ƙauyen har ya watse. An tara mutane wuri ɗaya da kyakkyawar niyya, wurin kuwa ya zama musu makabarta. 'Ya'yan da suka tsira Mila ya kwashe zuwa makarantarsa a Zariya.

Daga wannan 'yar makaranta aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yake cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida Umaru, wanda suka rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Daga zuriyar Isawa kuma aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, daga 1966 zuwa 1975.

A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, ƙarƙashin Guy Bullen. Mila bai so wannan ƙaura ba. Masu bi 'yan kudu da jirgin ƙasa ya kawo sun riga sun sami majami'unsu a Sabon Gari, shi kuwa burinsa shi ne Bahaushe mai bi ya zauna cikin birni tare da danginsa. A Wusasa aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa, ginin Hausa, da asibitin St. Luke, a nan kuma Yakubu Gowon ya tashi. Mila ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, wadda ya shafe kusan shekara 30 yana yi tare da Hausawa mataimakansa da ma'aikatan wasu mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932.

Bai taɓa yin aure ba. Ya ajiye aiki da C.M.S. a 1935, ya koma Ingila, amma zaman can bai karɓe shi ba. Ya dawo Nijeriya, ya zauna a Bukuru kusa da Jos yana koyar da Hausa yana rubuce-rubuce. A can ya rasu a 1952, yana da shekara 80.