Sir Hubert Worthington: Sojan da Ya Gina wa 'Yan'uwansa Wurin Tunawa

An haifi Hubert Worthington a shekarar 1886 a Alderley Edge, kusa da birnin Mancesta na ƙasar Ingila. Mahaifinsa, Thomas Worthington, shahararren mai zanen gine-gine ne, kuma ɗan ɗariƙar Yunitariyan, wadda ta bambanta da sauran ikkilisiyoyi domin ba ta karɓi koyarwar Triniti ba. Shi ne ya zana wa ɗariƙar majami'ar Brookfield da ke Gorton da ta Monton. Hubert ya gaji sana'ar gidansu. Bayan karatu a Jami'ar Mancesta, ya yi aiki a ƙarƙashin Edwin Lutyens daga 1912 zuwa 1913.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya ajiye alƙalamin zane ya shiga rundunar Mancesta, har ya kai muƙamin kyaftin. Ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka rasa rayukansu. Shi ma ya sami munanan raunuka, ya kwana a cikin ramin da bom ya haƙa, sai washegari aka ɗauko shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya warke ya koma bakin sana'arsa.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar kula da kaburburan sojojin daular Birtaniya ta naɗa shi babban mai zanenta na Masar da Arewacin Afirka. Shi ya tsara maƙabartun Heliopolis da Tobruk, amma aikinsa mafi shahara yana El Alamein. A can ya shimfiɗa maƙabarta mai kaburbura sama da 7,000, ya kuma gina doguwar rumfa ta dutse mai ba da inuwa a cikin hamada. A bangonta aka sassaƙa sunaye kusan 12,000 na waɗanda ba a san inda kabarinsu yake ba. Montgomery, jagoran yaƙin El Alamein, ya buɗe ginin a watan Oktoba 1954.

Ƙa'idar hukumar ita ce dutse iri ɗaya ga hafsa da kurtu. Sai dai ba kowa ne ya ci moriyarta ba: a 2021 hukumar ta nemi gafara, bayan bincike ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba.

A gida kuwa, Worthington ya jagoranci gyaran babbar majami'ar Mancesta, wadda bom ya lalata a Disamba 1940, har da ɗakin sujada na tsohuwar rundunarsa. An ba shi sarautar Sir a 1949, ya rasu a 1963. A 1966 aka kafa wata taga mai launin harshen wuta a wannan ɗakin sujada domin tunawa da shi.

Mutumin da ya kwana a tsakanin gawawwaki ya san cewa iyalin da ba su sami gawar ɗansu ba suna bukatar wurin da za su karanta sunansa. Ikkilisiyoyinmu ma suna da waɗanda suka kwanta dama cikin yaƙi da tarzoma. Kafin dattawan da suka san su su shuɗe, ya dace a rubuta sunayensu a inda jikoki za su gani.