Meghnad Saha: Ɗan Mai Kanti da Ya Karanta Hasken Taurari

Yawancin mutanen Kano sun san Indiya ne ta fina-finan da aka riƙa nunawa a gidajen siliman Sabon Gari da Fagge. Amma ƙasar tana da wasu mazajen da ba a haska su a majigi ba. Meghnad Saha ɗaya ne daga cikinsu.

An haife shi ran 6 ga Oktoba, 1893, a ƙauyen Seoratali kusa da Dakka, cikin Bangaladash ta yau. Ubansa ƙaramin mai kanti ne, burinsa yaron ya zauna jiran kanti. Wani likita ne ya ba shi masauki a bakin ya yi masa aikace-aikacen gida, da haka ya ci gaba da makaranta. A 1905 aka kore shi daga makarantar gwamnati ta Dakka, aka janye tallafinsa, don ya shiga cikin ɗaliban da suka ƙaurace wa ziyarar Gwamna, saboda fushin raba lardin Bengal da Turawan Ingila suka yi. Duk da haka ya kai Kwalejin Presidency ta Kalkata a 1911, ya zama malamin jami'a a 1916.

Kafin a gane aikinsa sai an san abu guda. Kowace ƙwayar zarra tana riƙe da 'yan ƙwayoyin lantarki, watau ilektaron, kuma akwai gwargwadon ƙarfin da za a kashe kafin a ɓalle ɗaya daga jikinta. Wannan ƙarfi ya bambanta daga sinadari zuwa sinadari. Da ma'aunin ilektaron-bolt, na sodiyam 5.1 ne, na haidurojin 13.6, na hiliyam 24.6, shi ne mafi taurin kai duka. Rubidiyam kuwa mai sakin hannu ne, 4.2 kawai.

Masana taurari sun daɗe suna rarraba hasken rana zuwa launukansa, suna ganin baƙaƙen layuka, kowane sinadari da nasa, tamkar tsagar gado a fuska. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne, layukan wannan tauraro daban, na wancan daban. Shin sinadaransu ne ba ɗaya ba? A 1920 Saha ya fito da lissafin da ya haɗa zafi, da matsin iska, da ƙarfin ɓallewar nan. Ya nuna cewa in zafi ya yi yawa, ko matsi ya ragu, sai zarra ta saki ilektaron ɗinta, layukanta na da su ɓace, wasu su bayyana. Ashe bambancin galibi na zafi ne.

Bai tsaya nan ba. Ya yi hasashen cewa rubidiyam, wanda ba a ga alamarsa a hasken rana ba, za a same shi a baƙaƙen tabon da ke fuskarta, don nan ne zafi ya fi sauƙi. Ba da jimawa ba Henry Norris Russell na Amurka ya duba, ya kuwa same shi. A ganina nan ne gwanintar mutumin ta fi fitowa, domin ba da babban madubin hangen taurari ya gano wannan ba, da alƙalami da takarda ne. Kan wannan tushe Cecilia Payne ta gina bincikenta na 1925, wanda ya kai ga sanin cewa yawancin jikin taurari haidurojin ne da hiliyam.

Ya koyar a Jami'ar Allahabad daga 1923 zuwa 1938, aka zaɓe shi cikin Royal Society ta Landan a 1927. An sha gabatar da sunansa don lambar Nobel, ba a ba shi ba. Daga baya hankalinsa ya koma kan ambaliyar kogunan Bengal da gyaran kalandar ƙasarsa, ya kafa cibiyar binciken nukiliya a Kalkata, ya kuma ci zaɓen majalisar dokoki a 1952 ba tare da jam'iyya ba. Ran 16 ga Fabrairu, 1956, yana kan hanyar zuwa ofishin Hukumar Tsare-tsare a Delhi, ya yanke jiki ya faɗi, ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana da shekara 62.