Guillaume Duchenne

Guillaume-Benjamin-Amand Duchenne, wanda aka fi sani da Duchenne de Boulogne (an haife shi ranar 17 ga watan Satumba, 1806, ya rasu a watan Satumba, 1875), likita ne ɗan ƙasar Faransa. Ya shahara wajen amfani da wutar lantarki don gano yadda tsokokin da ke manne da ƙashi suke aiki, da kuma yadda cuta ke lalata su. Da sunansa ake kiran wata cutar gado mai cinye tsokar yara maza.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Boulogne-sur-Mer da ke bakin teku a arewacin Faransa, a gidan ma'aikatan jirgin ruwa. Ya karanci likitanci a birnin Paris, ya kammala a shekarar 1831, sannan ya koma garinsu ya fara duba marasa lafiya. Matarsa ta farko ta rasu da zazzaɓin bayan haihuwa, kuma dangin matar suka raba shi da ɗan da ta bari na tsawon shekaru. A 1842 ya sake komawa Paris.

Bincike da lantarki

Duchenne bai riƙe wani muƙami a asibiti ko jami'a ba. Yakan zaga asibitocin Paris, musamman Salpêtrière, ɗauke da akwatin na'urarsa yana neman majinyata masu ciwon jijiya da shanyewar jiki. Kafin shi, likitoci kan soka allura cikin nama kafin su saki lantarki, abin da ke da zafi ƙwarai. Shi kuwa sai ya riƙa ɗora ƙarafa biyu masu jiƙaƙƙen baki a kan fata, ta yadda zai motsa tsoka guda ɗaya ba tare da rauni ba. Da haka ya gano aikin kowace tsoka a jikin mai rai, ba a jikin gawa kaɗai ba. Ya kuma lura cewa a cutar shan inna, tsokar da ta daina amsa lantarki takan ƙanƙance, wadda take amsawa kuwa tana iya farfaɗowa. Ya bayyana hanyarsa a wani littafi a 1855, ya fitar da wani kan motsin jiki a 1867.

Cutar Duchenne

A 1868 ya wallafa cikakken bayani kan yara 13 da ke fama da raunin tafiya, alhali sha-raɓarsu ta yi kauri kamar ta masu ƙarfi. Don ya san abin da ke ciki, ya ƙirƙiro wata ƙaramar allura mai ƙugiya da ke ciro ɗan guntun tsoka daga majinyaci yana raye. Da ya duba a madubin likita, sai ya ga kitse da zaruruwa masu tauri sun maye gurbin naman tsokar, wato girman na yaudara ne. Likitan Ingila Edward Meryon ya riga shi bayyana cutar a 1852, amma sunan Duchenne ne ya bi ta.

Hotunan fuska

A 1862 ya fitar da littafi mai hotunan fuskokin da ya motsa da lantarki. Ya nuna cewa murmushin gaskiya yana haɗawa da tsokar da ta kewaye ido, ba ta baki kaɗai ba. Charles Darwin ya yi amfani da wasu hotunan a littafinsa na 1872.

Rasuwa

Ɗansa, wanda suka sake haɗuwa daga baya, ya riga shi rasuwa. Duchenne ya rasu a Paris a 1875. Jean-Martin Charcot, babban masanin cututtukan jijiya na Salpêtrière, ya ɗauke shi a matsayin malaminsa.